Asahel Mai Karkiya da Saƙon Garin Tolford

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 1788, Asahel Merrow ya tashi ƙarfe huɗu da rabi na asuba. An san lokacin ne don mahaifinsa, Malam Eleazar, yana da agogon aljihu, kuma al'adarsa ce ya duba shi duk sanda ya ji motsin ƙofa. Ɗakin tsohon yana jikin ɗakin girki, ba mai fita gidan bai ji ba.

Ƙarfe biyar Asahel ya tatsi shanu biyu ya kora su makiyaya. Ƙarfe shida aka karya kumallo da burodin masara da madara. Matarsa Keziah tana kakkaɓe kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, wanda zai sa zuwa babban taron jiha a Concord ranar Litinin, shi kuwa ya shafe takalmansa da kitse ya rataye su a bayan ƙofa. Su ke nan gare shi. A Tolford in zafi ya shigo, mai takalmi ɗaya yakan adana shi don coci da tafiya, ya yi aikinsa ba takalmi.

Keziah ta ɗaga kwat ɗin ta ce, "Ranka ya daɗe wakilin gari, wannan har yanzu warin tabar manya yake yi tun tafiyar Exeter. In ka dawo wannan karon a rafi zan jiƙa shi, kana ciki."

"Ki jiƙa shi shi kaɗai, uwargida. Ni ban ɗauko komai nasu ba."

"Ai na gani. Ko iya magana ba ka ɗauko ba."

Tsohon ya yi dariya har ya ƙware.

Ƙarfe bakwai Asahel ya shiga rumfar aikinsa, inda yake sassaƙa karkiyar shanun noma. Ƙarfe tara maƙwabcinsu, tsoho Zebulon Fogg, ya koro bijimansa biyu, ja da baƙi, don a gwada musu sabuwar karkiya. Karo na uku ke nan.

"Kai ɗan malam, karkiya ce wannan ko rigar amarya? Sau uku ana gwaji!"

"Baba Zebulon, wuyan jan nan ya fi na baƙin kauri da yatsa biyu. In na yi musu iri ɗaya, kafin kaka ɗaya ya yi miki, ka zo kana zagina."

"Ko ba miki sai na zage ka. In ba haka ba meye amfanin maƙwabci?"

Sha ɗaya da kwata, yana zagaya jan bijimin a cikin garke, sai ya taka wata tsohuwar ƙusa da ke ɓoye cikin taki. Bai yi ihu ba. Ya zauna a bakin komin ruwan shanu ya zare ta, ya wanke wurin. Keziah ta yanko kitsen alade mai gishiri ta ɗaure masa da tsumma, kamar yadda kowa ke yi a garin. Malam Eleazar ya zo ya leƙa. Ramin bai kai ƙwayar alkama ba. Ya koma kan littafinsa.

Sha biyu aka ci abincin rana. Ƙarfe uku karkiyar ta zauna daidai, Zebulon ya kora bijimansa ya tafi yana ƙunƙuni don bai sami abin kushewa ba. Ƙarfe huɗu magatakardan gari ya kawo takardar da Asahel zai tafi da ita. Layi uku ce: "Mu mutanen Tolford, a halastaccen taronmu, mun umarci wakilinmu Asahel Merrow da kada ya amince da tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia. Idan an kira sunansa, ya ce a'a da sunanmu."

Malam Eleazar ya sa tabarau ya karanta ya ce, "Layi uku, kuskure uku. Biyu a rubutu, ɗaya a tunani."

"Na rubutun ka gyara in kana so, Baba. Ɗayan ai ka gwada a watan Maris, ba su yarda ba."

Bakwai da rabi rana ta faɗi, hutun Lahadi ya shiga, don a garin daga faɗuwar ranar Asabar yake farawa. Aka ajiye kayan aiki, aka ci waken da ya yini a tukunyar ƙasa, tsohon ya karanta Zabura. Rhoda, 'yar Asahel mai shekara huɗu, ta yi barci a cinyar ubanta.

Ranar ke nan. Malam Eleazar ya sha bin ta awa bayan awa, yana neman inda ya kamata a ce ya ga wani abu. Bai taɓa samun komai ba sai ɗan ramin nan.

An haifi Asahel a shekarar 1758, a ɗakin da ke bayan makarantar gari. Cikin 'ya'ya huɗu shi kaɗai ya rayu, kuma yana da shekara tara mahaifiyarsa ta rasu. Malam Eleazar ya yi karatu a kwalejin Harvard kafin ya hawo tuddan nan koyarwa, kuma bai taɓa shakkar cewa ɗansa zai bi sawunsa ba. Tun yaron yana shekara bakwai ya fara koya masa harshen Latin. Yaron yakan zauna ya saurara, amma hannunsa kullum yana ƙarƙashin tebur yana fere wani icce. Da ya kai sha huɗu, wata rana ya rufe littafin a hankali ya ce, "Baba, littafin nan ba ya so na, ni ma na haƙura da shi." Kwana takwas tsohon bai yi masa magana ba. A rana ta tara ya kai shi da kansa wurin wani masassaƙi a ƙauyen gaba.

Yana da sha tara ya bi mazan garin zuwa yaƙin Bennington, lokacin gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar. Ya dawo kunnensa na hagu ya mutu, kuma bai cika ba da labarin yaƙin ba. Abu ɗaya yake maimaitawa: kyaftin ɗinsu su suka zaɓe shi, a ƙofar coci, da ɗaga hannu. Ya ce irin wannan mutumin za ka bi shi ko'ina, don ya san in an gama yaƙi dole ya dawo ya zauna a coci ɗaya da iyayen waɗanda ya jagoranta.

A sana'arsa yana da doka ɗaya: ba ya sassaƙa karkiya ga bijimin da bai taɓa wuyansa ba. Wani ɗan kasuwa daga Portsmouth ya taɓa aiko masa a yi masa guda ashirin, duk awo ɗaya, don shanun da ke jan gungume zuwa bakin teku. Asahel ya aika masa cewa ya turo shanun. Aikin ya wuce wurin wani, kuma wannan shekarar da ƙyar gidan ya ga ƙarshen hunturu. Keziah ta yi faɗa, daga baya ta riƙa ba da labarin a wurin taron mata kamar ita ta ba shi shawarar.

A ƙarshen shekarar 1787 jarida ta hawo da sabon tsarin mulkin. Malam Eleazar ne ya karanta wa gari shi daga farko har ƙarshe, kuma tun kafin ya gama kowa ya san inda ya tsaya. Ya ce jihohi goma sha uku ne kowace na ja nata gefen, ba ƙasar waje da ke ganin girmansu, kuma in ba a ɗaure su wuri ɗaya ba, jikokin waɗanda suka yi yaƙi tare za su yaƙi juna. Da zuciya ɗaya ya yi imani da wannan, har yau kuma bai sake ra'ayi ba.

A taron watan Janairu Asahel ya miƙe, abin da bai saba ba.

"Ni ban iya magana kamar Baba ba. Amma an ce mutum dubu talatin za su sami wakili ɗaya. Mu a nan ba mu kai ɗari biyar ba har da jarirai. Wannan wakilin ba zai taɓa sanin sunan garin nan ba. Majalisar da ke can nesa za ta iya aza mana haraji, ta ajiye soja ko ba yaƙi, kuma ba layi ɗaya a takardar da ya ce ga abin da ba za a taɓa mana ba. An kuma bar masu safarar bayi su yi shekara ashirin ba mai hana su. Mutanen da suka rubuta ta sun rufe ƙofa da taga suka rubuta. Sun sassaƙa karkiya ba su taɓa wuyanmu ba. Ba na ce mugaye ne ba. Na ce dai ba su taɓa ba."

Ya zauna. Zebulon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To ga wakili nan, me muke nema kuma?"

A garuruwanmu na tudu wakili ba ya tafiya da ra'ayinsa kaɗai. Taro yakan rubuta masa abin da zai faɗa, a sa sunansa a kai, in ya dawo kuma ya tsaya gaban jama'a ya mayar da takardar, ya faɗi abin da ya yi da ita. Haka Asahel ya tafi babban taron jiha a Exeter cikin watan Fabrairu. Da masu goyon bayan tsarin suka ga za su sha kaye, sai suka sa aka ɗage taron zuwa Yuni a Concord, don wakilai su koma gida su roƙi a sake musu hannu.

A taron Maris Asahel ya ba da rahoto. Ya kawo hujjojin ɗaya ɓangaren filla-filla, bai rage musu ƙarfi ba, har Zebulon ya katse shi.

"Kai, tsaya! Wakilinmu ne kai ko nasu?"

"Naku ne, Baba Zebulon. Shi ya sa ba zan ɓoye muku abin da suka ce ba."

Sannan Malam Eleazar ya miƙe ya kawo shawarar a janye umarnin. Ya yi magana ta minti arba'in, kuma ita ce mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa. Aka ɗaga hannu. Mutum sittin da ɗaya suka ce umarni ya tsaya, tara suka bi tsohon. Da aka tashi, hanyar gida ta yi santsi da ƙanƙara, Asahel ya riƙe hannun mahaifinsa har ƙofa.

Ranar Litinin sha shida ga Yuni suka hau dawakai tare. Jihohi takwas sun riga sun amince, in jiharsu ta zama ta tara kuwa tsarin zai zama doka, kuma tsohon ya ce ba zai mutu bai ga wannan da idonsa ba. Suka isa Concord ranar Talata da yamma, suka sauka a gidan wata bazawara, layi biyu daga ɗakin taro.

Laraba Asahel ya zauna a wurinsa a ɗakin taro, yana ɗan ɗingishi. Alhamis da rana ya ajiye burodinsa ya ce wuyansa ya ƙage, wataƙila sirdi ne. Juma'a da safe bakinsa ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa. Likita ya zo, ya kwance tsumman ƙafar, ya duba, sannan ya ja tsohon waje. Ya ce ciwon sarƙewar haƙora ne. A rufe tagogi, a kwantar da shi cikin duhu, kada a yi ƙara kusa da shi, don ko faɗuwar cokali na iya sa jikinsa ya sandare. Malam Eleazar ya tambaye shi lamba, don shi mutum ne mai son lamba. Likitan ya ce ɗaya cikin goma ke tashi, in ya kwanta. Tsohon ya rubuta wa Keziah layi biyu ya ba wani mahayi.

Da la'asar wani ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Lauya Thaxter ne, wakili daga bakin teku, wanda suka yi ɗaki ɗaya da Eleazar a Harvard shekara arba'in da suka wuce. Ya yi masa jaje da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan suka tsaya a baranda ya rage murya.

"Eleazar, gobe wajen ƙarfe ɗaya za a kira sunaye. Ƙidayar ta matse, ba wanda ya san inda za ta faɗi. Ba na ce ka yi komai ba. Ka bi maganar likita kawai."

"Yana tambayata lokaci kowace awa."

"To ai agogon a aljihunka yake, abokina. Ɗaki mai duhu, wa ya san sha biyu daga ƙarfe biyu? Ka ceci ɗanka, ka ceci ƙasarka. Ban taɓa ganin inda alheri biyu suka bi hanya ɗaya haka ba."

Bayan ya tafi tsohon ya daɗe a tsaye. Ba ƙarya Thaxter ya yi ba. Duk abin da yake ƙauna a duniya yana gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuwa takarda ce mai layi uku. Ba mai iya ɗaukar ta a madadin Asahel, don sunansa ne a kai, kuma kafin a sa wani sai an liƙa sanarwa a ƙofar coci an jira ranar taro. In ya kwanta gobe, za a kira Tolford a ji shiru.

Ranar Asabar tun safe aka fara. Murya tana fitowa ta tsakanin haƙora, ƙasa-ƙasa.

"Ƙarfe nawa, Baba?"

"Tara."

Sai goma. Sai sha ɗaya. Sau biyu a tsakani jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe ya bar katifa, tsohon ya riƙe shi har ya sake. Daga nan ya ɗan sami barci. Malam Eleazar ya zauna da agogon a tafin hannu, yana karkata shi wajen ɗan hasken da ke shigowa ta tsagin taga, yana roƙon Allah barcin ya yi nisa, don a ɗauke masa zaɓin.

Barcin bai yi nisa ba.

"Ƙarfe nawa?"

Tsohon ya duba. Ya ji kalmar sha ɗaya da rabi a kan harshensa, a shirye, ba nauyi. Ya dubi fuskar da ke kan matashi. Shekara talatin bai taɓa ba yaron nan amsar da ba daidai ba, ko da amsar ta yi musu ciwo su biyun, kuma yaron bai ma buɗe ido don ya duba fuskarsa ba. Tambaya kawai ya yi yana jira.

"Sha biyu da minti ashirin."

"Likita... me ya ce?"

"Ɗaya cikin goma, in ka kwanta."

"In na fita?"

"Bai ba ni lamba ba."

Asahel ya tara numfashi. "Mutum sittin da ɗaya, Baba."

"Na sani. Ni na ƙirga su."

"Sa mini takalmi."

Ƙafar dama ta kumbura, ta hagu kaɗai ta shiga. Tsohon ya sa masa kwat, ya tura takardar cikin aljihun ƙirji, ya fita ya tsallaka titi wurin wani mahauci mai faɗin kafaɗa.

"Bawan Allah, ina neman hannu biyu na minti goma. Za mu kai wakili majalisa a kan kujera."

Mahaucin ya goge hannu a gaban rigarsa ya ce, "Na wane gefe ne?"

"Ba gefena ba."

Mutumin ya kalle shi sama da ƙasa. "To, wannan ban taɓa jin irinsa ba. Mu je, Malam."

Suka ɗauko shi a kujerar ɗakin girki, da bargo a kansa don rana. Tsohon yana da shekara sittin da uku, sau uku suka sauke a hanya. A ƙofar ɗakin taro mai gadi ya tare su ya ce wakilai kaɗai ke shiga ƙasa, 'yan kallo sai bene.

"Shi ne wakilin," in ji Malam Eleazar. "Mu ƙafafunsa ne."

An riga an fara kiran sunaye. Ɗakin ya cika maƙil, ga zafi, ga hayaniya. Suka ajiye kujerar a bakin layin mutanen tudu. Tsohon ya durƙusa ta gefen kunnen dama, don ya sanar da shi in an zo kansa. Can gaba Thaxter ya waiwayo, idanunsu suka haɗu, sannan ya mayar da kansa.

"Tolford. Asahel Merrow."

Asahel ya ɗago kai. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiya. Wani sauti ya fito, amma hayaniya ta haɗiye shi.

"Ban ji ba," in ji magatakardan taro. "Tolford?"

Wani daga baya ya ce a rubuta ba ya nan a wuce. Malam Eleazar ya san amsar, tana cikin aljihun da ke daf da fuskarsa, amma ba daga bakinsa dokar ke son ta ba. Ya cije leɓe. Sai ga Thaxter ya miƙe tsaye ya juyo wa jama'a.

"Ku yi shiru mana! Mutum yana magana!"

Ɗakin ya yi tsit. A cikin wannan shirun aka ji ta, a shaƙe, ta tsakanin haƙora, amma ba mai iya cewa bai gane ba.

"A'a."

Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda. Aka kira gari na gaba.

Ƙarfe ɗaya ta ɗan gota aka faɗi sakamako: hamsin da bakwai sun amince, arba'in da bakwai sun ƙi. Suna tsakiyar titi da kujerar aka fara kaɗa ƙararrawa. Tsohon ya ce wa mahaucin ya sauke, ya rufe kunnen ɗansa na dama da tafin hannu biyu. Wata takwas yana jiran wannan ƙararrawa. Haka ya saurare ta, a durƙushe cikin ƙura, yana addu'ar ta yi shiru.

Da suka kwantar da shi Asahel ya tambaya, "Nawa?"

Tsohon ya faɗa masa.

"Kun ci, Baba."

"Mun ci."

"To... a riƙa duba wuya."

Keziah ta iso a kan doki ranar Lahadi kafin faɗuwar rana. Asahel ya gane ta, ya matse mata yatsu. Ranar Litinin, ashirin da uku ga Yuni, goma saura minti goma na safe, ya cika. Shekararsa talatin. Likita ya ce da ya kwanta ɗin ma wataƙila haka za ta kasance. Malam Eleazar bai taɓa jingina da wannan maganar ba, don ya san likitan bai sani ba, shi ma bai sani ba.

Ranar Talata Zebulon ya iso da keken shanunsa, ja da baƙi, cikin sabuwar karkiya, don tun ranar da wasiƙar tsohon ta isa gari ya kamo hanya. Su suka kai Asahel gida. Da aka sauke akwatin a ƙofar coci, tsohon maƙwabcin ya kwance karkiyar, ya shafa wuyan jan, ya shafa na baƙin, ya daɗe yana shafawa.

"Zuwa da dawowa," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ko ƙurji babu. Ɗan banzan yaro."

Kayansa ba su da yawa. Gatari da gizago da wuƙaƙen sassaƙa an ba wani masassaƙi a ƙauyen gaba, jikan wanda ya koya masa, da sharaɗin da Keziah ta gindaya cewa sai ya taɓa wuya kafin ya sara. Doki ya zauna a gidan don noma. Takalman an ba Zebulon, sun yi masa yawa, ya cusa ulu a ciki yana zuwa coci da su. Kwat ɗin Keziah ba ta jiƙa shi a rafi ba. Ta naɗe shi yadda yake ta sa a akwati, ta ce na Rhoda ne in ta girma ta yi yadda ta so da shi. A saman rumfa akwai wata karkiya da aka sassaƙa rabi. An tambayi gari duka, ba wanda ya san ta bijimin wa ce, don haka aka bar ta a inda take. A ƙasan akwatin kayan aikinsa aka sami littafin Latin ɗin nan, an naɗe shi da fata don kada ruwa ya taɓa shi. Malam Eleazar ya mayar da shi ɗakinsa.

Saura takardar. A taron gari na gaba, da shugaban taro ya kira rahoton wakili, tsohon ya miƙe daga bencin da ya zauna ranar da mutum tara suka bi shi. Ya zo gaba ya ce, "An kira Tolford ranar Asabar ashirin da ɗaya ga Yuni, ɗaya saura 'yan mintoci. Wakilinku yana wurin. Ya ce a'a da bakinsa, an kuma rubuta."

Ya miƙa wa magatakarda takardar. Mutumin ya buɗe ta, ya ga kurakuransa biyu suna nan yadda ya yi su, ya tambaya a hankali ko Malam zai so a sake kwafe ta da kyau kafin a ajiye.

"A bar ta haka," in ji tsohon. "Haka ya kai ta."

Aka linke ta uku, aka sa a akwatin gari tare da takardun iyakar gonaki, aka kulle.